Yashin Gazawa a Bakin Kogin Wisla

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Gazawa, a cikin kamiyon ragowar gyaɗa mai zuwa Maraɗi. Akwatina yana baya bisa buhuna, ni ina gaba kusa da direba, da wani ƙaramin buhu tsakanin ƙafafuna. Direban ya taɓa shi da yatsa ya ce, “Maigida, gishiri ne ko sukari?” Na ce yashi ne. Ya yi dariya har muka wuce Age, yana tsammanin wasa nake yi.

Wanda bai san abin da ya fitar da ni ba, ga shi a taƙaice. Ni ɗan kasuwa ne. Da tallan goro a ka na fara, na koma gyaɗa, yau ina taɓa duk abin da manomi ke bukata. Bara, da maganar noman shanu ta yi ƙarfi a ƙasarmu, na je Kano na tarar da galmunan shanu guda ashirin a wani shago. Na ɗaga ɗaya da ƙyar, na buga ta da makulli na ji amonta, na ce a ɗaure mini su duka. Mu haka muka tashi muna sanin ƙarfe. Gatari ne ko tukunya, mai nauyi da amo shi ne na kirki. Ban tambayi kowa ba, ban kuma sa ko ɗaya a ƙasa ba kafin in sayar.

Ruwan farko ya tona mini asiri. Galmar nan in ta shiga jigawa sai ta nutse kusan kamu guda, ta binne baƙar ƙasar sama mai taki, ta fito da jan yashin ƙasa wanda ba ya haifar da komai. Shanu su ja taki goma su durƙusa. Baba Tanko, aminin mahaifina, sansa mai kyau ya goce a kafaɗa, sai mahauta suka ɗauka. Ya ɗoro galmar a amalanke ya sauke mini ita a ƙofar gida.

Ya ce, “Ga ƙarfenka, ɗan Mamman. Ban zo ka maida mini komai ba. Ubanka bai taɓa sayar mini da abin da bai gwada ba, shi ya sa ban tambaye ka ba.”

Ya juya ya tafi. Tun daga ranar in na miƙa masa goro sai ya ce ya ci. Sauran suka biyo bayansa, har ashirin ɗin suka dawo suka jeru jikin katangata. A kasuwa in na ce kaya mai kyau ne sai in ga mutane suna duban juna. Wanda ke sana'a irin tawa ya san ma'anar wannan. Jarina bakina ne, in an daina yarda da shi ba abin da ya rage mini sai komawa gona.

A jikin kowace galma akwai rubutu da aka zuba tare da ƙarfen. Malamin lakol, wato makarantar boko, ya karanta mini, ya ce sunan wani gari ne a ƙasar Polan. Da na ji gwamnati na tara ƴan kasuwa su je can su duba kaya, na sa sunana, na yi ta zirga-zirga buro, ofishin gwamnati, har aka ɗauke ni. Ana gobe zan tafi, sarkin maƙeranmu ya zo da buhun nan, ya ɗebo shi daga gonar Baba Tanko. Ya ce, “Kai ba ka jin bakinsu, su ba su jin naka. Kai musu ƙasar su taɓa da hannunsu. Maƙeri in ya taɓa zai gane.”

A Maraɗi na haɗu da abokan tafiya, mu shida da wani malamin buro da aka haɗa mu da shi don Faransanci. Hanyar Yamai kwana biyu ta ci mana. Daga Gidan Rumji zuwa Ƙonni jar hanya ce mai gargada, ta girgiza mu har haƙora suka yi tsami. A Dogon Dutsi muka ci tuwo, a Doso taya ta fashe. Jirgin sama kuwa ba zan yi ƙarya ba, da ya ɗaga na riƙe kujera na karanta duk abin da na haddace, har da wanda na manta. Bayan sa'a guda na ga ba abin da ya faru, na ci abincinsu na yi barci. Muka sauya jirgi a Faris, muka sauka Warso da hantsi.

Sanyi ne ya fara gaishe mu. Mun baro bazara a gida, gumi har cikin ido, muka tarar da iska mai shiga ƙashi, su kuma suna ta murna wai sanyi ya wuce. Sakalar da na ɗauko, bargon saƙar gida, ta yi mini rana. Na biyu ƴan duwan, masu binciken kaya. Suka buɗe buhuna, ɗaya ya tura hannu har ƙasa yana neman abin da na ɓoye, ya kira babbansa, shi ma ya tura. Suka zazzage shi a kan takarda suka tace. Da ba su ga komai ba sai suka tsaya suna dubana. Malamin buro ya yi bayani, babban ya girgiza kai, ya taya ni mayar da yashin da hannunsa.

Kwana huɗu aka yi ana yawo da mu wuraren saƙa da na kwanonin sha da na ashana. Ba wannan ya kawo ni ba. Na matsa wa shugaban tafiya har ya ba ni kwana uku in je garin da aka rubuta a jikin galmar, ya haɗa ni da malamin buro da wata tafinta, mace dattijuwa mai furfura, mai jin Faransanci. In na yi magana malam ya juya mata, ita ta juya wa mutanenta. Magana ɗaya sai ta bi baki uku, don haka na koyi rage surutu.

A jirgin ƙasa na manne da taga. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse, kuma lokacin huɗarsu ne. Can sai ga galmata, ita ce sak, da ƙafafunta biyu na gaba irin na amalanke. Dawaki biyu ke jan ta, kowane ya kusa raƙumi tsawo, ƙirji kamar ƙofar zaure. Ƙasar da take juyawa baƙa ce wuluk, mai danƙo, tana sheƙi kamar hanta. Mutumin yana biye da ita hankali kwance. Na bi ta da kallo har ta ɓace. A nan na gane ba galmar ce ke da laifi ba. An yi ta don wata ƙasa da wata dabba, ni na kai ta inda ba nata ba.

Sunan garin a rubuce Grudziadz. Yadda suke faɗinsa harshena bai taɓa kama shi ba, tafinta ta gyara mini sau uku ta haƙura. Ba babban birni ba ne irin Warso, amma ya fi Maraɗi nesa. Mun isa ran Asabar da la'asar, washegari Lahadi ma'aikatar da ke ƙera galmunan a rufe, sai tafinta ta ce za ta nuna mana garin, don a nan aka haife ta. Ni da a bar ni da na zauna a otal ina jiran Litinin. Yanzu ina godiya da ban zauna ba.

Mun shiga wani ɗan jirgi mai bin tsakiyar titi a kan dogo, wutar lantarki ke jan shi ta wata igiya a sama, yana ƙara kamar ana wasa wuƙa in ya zo kwana. Kuɗinsa bai kai na goro ɗaya ba. Ya sauke mu a dandalin kasuwar tsohon gari, fili mai kusurwa huɗu da gidaje dogaye manne da juna. Ga babbar majami'arsu ta jan tubali, ta ce ta haura shekara ɗari biyar. Mutane suna ta fitowa da kayan ado. Ana kallonmu, ba shakka, amma ba da raini ba. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata tana duba aikin wuyan, ta juya shi ta ga bayan ɗinkin, ta gyaɗa kai. Na ce wa malam wannan ta san kaya.

Daga nan muka bi wani siririn titi. A hannun hagu gidaje ne masu hawa biyu ko uku, ƙananan tagogi, ba wani abin kallo. Muka fita ta wata tsohuwar ƙofar gari da suke kira Ƙofar Ruwa, muka gangara bakin kogi. Tafinta ta ce mu juya.

Na juya na riƙe baki. Gidajen nan da na raina, ta wannan gefe sun zama wani irin tsauni na jan tubali, hawa biyar, hawa shida, jere kafaɗa da kafaɗa a kan gangaren, kowane da ginshiƙai masu kauri sun tokare shi. Na ƙirga ashirin da wani abu na bari. Ta ce, “Rumbuna ne.” Na sa malam ya sake tambaya. Ta ce rumbunan hatsi ne, ƴan kasuwar garin suka gina tun ɗaruruwan shekaru. Manomi ya kawo hatsinsa ta titin sama, inda ginin yake gajere, ya zuba. In jiragen ruwa sun zo a sauko da shi ta ƙasa, kogin Wisla ya kai shi bakin teku a sayar wa wasu ƙasashe. Ba mai ɗaukar buhu ya hau tudu. Kuma da yake manne suke, su ne ganuwar garin ta gefen ruwa. Abokin gaba in ya zo ta kogi bango zai tarar.

Na daɗe a wurin fiye da yadda suka so. Na tuna dalar gyaɗarmu da ke kwana a fili ƙarƙashin tamfol, da rumbunanmu na kara da gobara ɗaya ke cinyewa. Su ma nasu sun sha wuta, ta ce, ba sau ɗaya ba, ana sake ɗora su. Yanzu hatsi ya koma bin jirgin ƙasa. Wasu rumbunan mutane ke zaune ciki, na ga wanki a taga. Wasu an mai da su wurin ajiye kayan tarihi, wasu har yanzu da tabon yaƙi. Kogin kansa ya kusa na Yamai faɗi, ruwansa kamar toka. Sama kaɗan akwai gadar ƙarfe da jirgin ƙasa da mota ke bi, tsawonta ya wuce kilomita. Malamin buro ya auna ta da ido daga gaɓa zuwa gaɓa, don a babban birninmu har yau da jirgin fito ake ƙetarewa.

Muka hau wani tudu a ƙarshen rumbunan. A nan asalin garin yake. Wasu mayaƙan addini na Jamus, masu farar alkyabba da baƙin gicciye, su suka gina gidan yaƙinsu a kai, shekara wajen ɗari bakwai da suka wuce. Daga baya garin ya koma hannun sarakunan Polan, ya yi shekara kusan ɗari uku. Sai maƙwabta suka yanka ƙasar suka raba, wannan yanki ya faɗa hannun Jamusawa, suka sauya wa garin suna, suka rushe gidan yaƙin suka kwashe tubalinsa suka yi wasu gine-gine, har da kurkuku. Hasumiya ɗaya suka bari. Ita ma a ƙarshen yaƙin duniya na biyu sojojinsu suka sa mata nakiya. Abin da muka tarar tudun ɓaraguzai ne da ciyawa ta rufe, da wata tsohuwar rijiya. Na leƙa na ga zurfinta, na ce ko ta Gidan Sori, da ake misali da ita a ƙasarmu, albarka.

Tafinta ta nuna wani wuri a ƙasa inda aka yi sabbin gidaje. Ta ce a nan gidansu yake. Makonni suka yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ana ruwan wuta a kansu, ita da uwarta da ƴarta. Da suka fito titin ma ba su gane shi ba. Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin farashin gero, ta gyara ɗankwalinta ta ce mu tafi. Na tambaye ta shekara nawa suka yi a hannun Jamusawa kafin su sami kansu karon farko. Ta ce kusan ɗari da hamsin. Na ce namu a hannun Faransa sittin ne, kuma jiya-jiya muka fita. Ta ce, “To ku riƙe da kyau. Mu mun samu, shekara ashirin aka sake ƙwacewa.” Ban ƙara tambaya ba, don na lura akwai maganar da ba sa son yi a gaban baƙo.

Arewa da gari akwai wani babban sansanin soja da aka haƙa cikin tudu. Ba a shiga, soja na ciki har yanzu, daga nesa muka gani. Ta ce sojan Faransa sun taɓa kewaye shi wata da watanni ba su ci shi ba. Na taɓa malamin buro na ce, “Malam, ashe mutanenka ma ana hana su shiga wani wuri?” Ya ce in bar shi ya ji da sanyi. Ta kuma ce garin ya yi suna da makarantar sojan doki kafin yaƙi, kuma a nan wani shahararren malaminsu na taurari ya taɓa yi wa manya bayani cewa in kuɗi mai kyau da na algus suka haɗu a kasuwa, mutane ɓoye mai kyau suke yi su kashe na algus. Na ce wannan ko tsohuwa mai daddawa a Gazawa ta sani, amma madalla da ya rubuta.

Abinci shi ne wahala. Alade ya yi yawa a tukunyarsu, har mai da shi suke suya. Tafinta ta gane, ta riƙa kai mu wani gidan abinci da ba a dafa nama, sai madara da ƙwai da cuku. Akwai wata miyar gari mai tsami da ta tuna mini da koko, da wani ƙullin alkama da ake cusa wa cuku a dafa. Dankalin turawa safe da rana da yamma. Kabeji mai tsami na ɗanɗana sau ɗaya, ya ishe ni har abada. Burodi da madara kusan kyauta ne, amma lemun zaƙi ɗaya sai an yi layi, in ma an samu. Na lura shaguna ba a ciniki. Abin da aka rubuta shi ne, mai shago ko kallonka ba ta yi. Kasuwa ba tayi ba albarka, ni ban san inda daɗinta yake ba.

Ran Litinin da sassafe muka je ma'aikatar. Wuri ne da ya kai unguwa guda, hayaƙi da ƙarar guduma ko'ina. Wani babba mai taye ya karɓe mu a buronsa da shayi a kofin gilashi. Na ba shi labarin galmunana, na roƙi a ƙera mini wasu da za su dace da ƙasarmu. Ya saurare ni da ladabi, ya ce su dubbai suke ƙerawa, kuma gwamnati da gwamnati ke magana, ba su da hanyar yi wa mutum ɗaya guda ashirin. Gaskiyarsa ce, ni ma da ni ne haka zan ce. Na ga yana duba agogo. Sai na nemi tsohuwar jarida, na shimfiɗa a teburinsa, na kwance buhu na zuba.

Ya dubi yashin, ya dube ni, ya ɗaga waya. Jim kaɗan wani tsoho ya shigo da rigar fata a gaba, gajere, hannuwa kamar faranti, yatsa ɗaya babu. Shi ne babban maƙerinsu. Bai gaida kowa ba sai da ya ɗebi yashin ya murza. Ya zuba masa ragowar shayina ya dunƙula, ya buɗe hannu, ya wargaje.

Ya ce, “Wannan mu gini muke yi da shi. Me ke fita a ciki?”

Na zaro gyaɗa daga aljihu na ba shi. Ya tambayi zurfin da take kwana a ƙasa, na nuna masa da yatsa. Ya tambayi dabbar da ke ja. Na ce shanu, na kwatanta masa girmansu da tozonsu, na ce kuma rani ke cinye su, ruwan farko yana samunsu da rama. Ya tambaya, da hannu yaya muke yi? Na tattara yashin da tafin hannu biyu na yi kunya uku a kan tebur, na dasa gyaɗa a kan kowace.

Tsohon ya fashe da dariya har yana tari. Ya faɗi kalma ɗaya, tafinta ta juya, malam ya juya: “Dankali.” Ya ce ba galmar juya ƙasa nake bukata ba, ta tada kunya nake bukata, irin wadda suke yi wa dankali huɗa da ita. Ya ce, “Wa ya ce ka sayi waccan?” Na ce ba kowa, nauyinta na ji. Ya ce nauyi ai na doki ne ya ji, ba na mai saye ba. Na haɗiye, don ba ƙarya ya yi ba.

Da aka tashi aiki tsohon ya sa muka ƙetare doguwar gadar nan a motar haya, muka yi tafiyar kusan sa'a guda zuwa ƙauyen ƙanwarsa. Can ƙasar ta sauya, ta zama fara mai yashi, da dajin wasu itatuwa dogaye masu ganye kamar allura. Ashe su ma suna da jigawarsu, kuma mutanenta su ne talakawansu. Mijin ƙanwar ya fito da wata ƴar galma da na ɗaga da hannu ɗaya. Ba ƙafafu, baki ɗaya mai tsini da fiffike biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Da a Kano na gan ta da ko tayawa ba zan yi ba. Ya ɗaura wa wata tsohuwar goɗiya, ya ja layi ɗaya. Bakin bai shiga ya wuce tafin hannu ba, fukafukan suka tattaro ƙasar sama suka tara ta gefe da gefe. Kunya ce sak irin tamu.

Na tuɓe takalmi na naɗe riga na ce a ba ni. Ƙasar kamar ƙanƙara a tafin ƙafa. Layina na farko ya yi kamar tafiyar maciji, matar gidan tana dariya a bakin shinge. Na biyu ya miƙe. Na yi guda takwas, ina dubawa ko goɗiyar za ta yi nishi, ba ta yi ba. Na tsuguna na tona kunya da hannu na ga abin da ke ciki. Sai a lokacin na ji yunwa.

A rumfarsu akwai wani tsohon baki irin wannan da aka daina aiki da shi. Maƙerin ya ciro shi, ya zana mini a takarda inda za a cire ƙafafun galmunana, inda za a rage gindin, da yadda za a yanka babban fiffiken a fitar da ƙanana biyu. Ya ce duk maƙerin da ya iya gatari zai iya. Na nemi in biya, suka ƙi har da ɓata rai. Na ciro sakalata na yafa wa matar gidan, na ba tsohon goro. Ya ciza, fuskarsa ta tattare, amma ya cinye don kunya. Ragowar yashin ya ce a bar masa, ya zuba a kwalba. Wai zai ajiye a maƙera don duk wanda ya ce masa ƙasa ɗaya ce a duniya.

Dawowa ba wani labari sai na awo a filin jirgi. Ƙarfen ya sa kayana suka wuce ƙa'ida, na bar kwanonin tsaraba rabi a Warso, abin da har yau ba a yafe mini a cikin gida ba. Na iso Gazawa hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ban kwana ba sai da na kai wa sarkin maƙera ƙarfen da takardar. Ya juya shi, ya juya, ya ce, “Don wanga ɗan abu ka je bangon duniya?” Na ce don shi. Kwana shida ya yi a kan ta farko. Na ce kada ya taɓa sauran tukuna.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na ga mutanen da aka rushe wa gari suka sake ɗora shi, tubali bisa tubali, ba su tsaya jiran kowa ba. Na ga rumbun da aka yi shi ya zama ganuwa, ina kuma da niyyar gina nawa na tubali bana, ko hawa ɗaya ne. Na kuma gane kayan Turawa ba don sun fito daga Turai suke da kyau ba, kowane da ƙasar da aka yi shi dominta. Ni da nake taƙama da ido, makulli na buga a ƙarfe na saurari amo, ban duba ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafata ba.

Da ruwan shuka ya sauka ban aika wa kowa ba. Na ari shanu biyu, ba ma ƙosassu ba, na shiga gonata ta bakin hanya na kama galmar da kaina. Kafin hantsi mutane sun taru a gefe. Shanun suka yi ta tafiya ba durƙuso. Can na hango Baba Tanko a gindin gawo da sandarsa. Bai matso ba sai da na kai ƙarshen gona. Ya tsuguna ya tona kunya ɗaya, ya murza ƙasar, ya duba wuyan shanun, ya sa hannu ƙarƙashin karkiya.

Ya ce, “Kai ka yi wanga da hannunka?”

Na ce, “Ni na yi, Baba. A can ma sai da na yi.”

Ya miƙe yana kaɗe hannu. Ya ce, “Tawa ita ce mai ɗaurin jan tsumma a mariƙi. A fara da ita.” Ya ɗan yi gaba, ya tsaya, ya juyo ya miƙo hannu. “Ba ka da goro ne?”